Sunan da Inna Kulu Ta Kira a Bakin Turmi

Shekara shida ke nan da rasuwar kakata, Inna Kulu ta 'Yankuzo, mahaifiyar babana. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta. A gidanmu ana lissafin rashinta ne daga safiyar da aka kai ta makwancinta. Ni nawa lissafin ya riga na kowa da wata biyar. Yana farawa ne da ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yammacin wata Talata, a tsakar gidanta, lokacin da ta tambaye ni ko na kashe rikodata, na ce mata na kashe, alhali kuwa tana nan tana naɗa.

Ban yi niyyar yi mata ƙarya ba. A lokacin ina shekarar ƙarshe a sashen Hausa na wata kwaleji a nan Gusau, kuma aikin da na zaɓa na kammala karatu shi ne waƙoƙin da mata suke yi a bakin turmi. Na zaɓe shi ne saboda ba zai sa ni tsayawa gaban baƙi ba. Ni mutum ce mai nauyin baki, ko a aji ban cika ɗaga hannu ba, na fi sakewa da littafi. Na san ina da kaka wadda duk unguwarsu ta shaide ta da waƙar daka, sai na ce to, ga rijiya a gida.

Baba ne ya saya mini rikodar. 'Yar ƙarama ce, tana shiga tafin hannu, batir biyu take ci. A kanta akwai kunnuwa biyu na ɗaukar sauti, ana rufe su da wata hular soso don kada iska ta ɓata magana. Malaminmu ya kafa mana ƙa'ida guda wadda ya ce duk wanda ya karya ta ba ɗalibinsa ba ne: kafin ka naɗi kowa, ka faɗi rana da wuri da sunansa, sannan ka tambaye shi ko ya yarda, amsarsa kuma ta shiga cikin na'urar. Na rubuta wannan a bangon littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da na isa 'Yankuzo an gama yankan gero, kowane gida da damman da ake jira a sussuke. Inna Kulu ta karɓi rikodar, ta juya ta gaba da baya, ta taɓa hular sosan da ɗan yatsa.

"Wanga ɗan sabulu shi za ya riƙe waƙata?" in ji ta. "Har da hula, awa liman. To Malama, mu gani."

Malama take kirana tun ina firamare, don tsokana. Kuskurena na farko na yi shi ne a ranar. Ina son sauti mai tsabta, ba kukan kaji, ba na akuya, sai na shigar da ita ɗaki, na ja ƙofa, na zaunar da ita a tabarma, na ce ta fara. Ta buɗe baki ta yi layi ɗaya, ta tsaya. Ta sake, ta tsaya. Can ta yi dariya ta ce waƙar daka ba ta zuwa ga mutumin da ke zaune, hannu ke kiranta. Abin da nake kira hayaniya ashe shi ne rabin waƙar.

Washegari muka fito tsakar gida. Maƙwabtanta biyu suka zo da taɓarensu, aka zuba gero a turmi, aka shiga lugude, taɓarya uku suna faɗawa bi da bi ba wadda ke karo da wata. A nan na ji muryar da ban taɓa sanin kakata tana da ita ba. Tana bayarwa suna amsawa, tana yi wa gero faɗa kamar yaro mai taurin kai:

Gero ɗan gonar tudu,
Ba ka jin lallashi sai an ɗaga hannu.

Na ɗora rikodar a kan wata kujera 'yar tsugunne kusa da turmin. Sai na lura duk faɗuwar taɓarya ƙasa tana girgiza, kujerar tana motsi. Tsoro ya kama ni kada na'urar ta zame, wani maɓalli ya dannu, aikin ya yanke. A gefenta akwai wani ɗan makulli da ake turawa, idan an tura shi duk maɓallin da aka danna ba ya aiki. Na tura shi, na ji daɗin kaina da wannan dabara. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Da aka kira la'asar maƙwabtan suka ajiye taɓare suka tafi gidajensu. Na danna maɓallin tsayarwa ba tare da na dubi fuskar na'urar ba, na manta sarai da makullin. Inna Kulu tana share zufa da gefen zanenta ta ce, "Kin kashe limamin naki?" Na ce, "Na kashe, Inna." Ta ce in je in yi salla, ita za ta ƙarasa ɗan surfen da ya rage kafin ta yi alwala. Na ɗauki buta na zagaya, na shige ɗaki. Da na dawo na tarar lambobi suna ta gudu a fuskar rikodar. Na zare makullin na kashe ta a hankali, na saka a jaka, ban ce komai ba. Na gaya wa kaina ba abin da ta ɗauka sai ƙarar turmi. Wannan shirun shi ne laifin da na yi da sanina.

Sai na yi wa mai karatu bayanin wani abu kafin in ci gaba, ko da yake yawancinmu mun tashi mun gan shi. Babana shi ne ɗan farin Inna Kulu, kuma ita 'yar zamanin da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun da aka yaye shi aka kai shi Tsafe wurin ƙanin mahaifinsa, can ya girma, can ya koyi tuƙi, har ya zama direba a tashar Gusau. Idan za ta ambace shi sai ta ce "mai mota". Ko wani yaro a unguwa mai irin sunansa, "mai sunan wancan" take ce masa. Idan Baba ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake tsugunawa, ita kuma ta juya gefe tana amsawa kamar da bango take magana. Furar da ta dama masa da hannunta, ƙanwarsa Gwaggo Asabe ce take miƙa masa. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya. Haka aka gada, haka ake yi.

Kwana uku da komawata Gusau, da hantsi, na zauna rubuta abin da na naɗo. Na sa abin ji a kunne. Na bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya har na zo inda muryata take cewa na kashe. Na duba lokacin da na fara naɗar, na haɗa da mintunan da suka wuce, shi ya ba ni ƙarfe huɗu da sha bakwai. Daga nan sai ƙarar butata, da takuna yana nisa. Sai taɓarya guda ɗaya, a hankali, ba irin ta lugude ba. Sai murya, ƙasa-ƙasa, ba mai amshi.

Ba zan rubuta baitin a nan ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, waƙa ce ta hanya. Tana bin mota daga Tsafe zuwa Gusau, tana roƙa wa taya lafiya, tana roƙa wa birki, tana roƙon Allah Ya kawar da barci daga idon mai tuƙi. Ta ambaci ranar da aka ɗauke wani yaro a goye aka bi hanyar Tsafe da shi, ita kuma tana tsaye a bayan danga, ba ta da ikon fitowa ta yi kuka a gaban surukai. Sannan ta kira sunan babana. Sunansa na yanka, sau uku, kowanne tare da faɗuwar taɓarya.

Na cire abin ji daga kunnena na zauna. Na ji kamar na ɗaga labulen da ba a ba ni izinin taɓawa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji Hausawa, kuma wannan baiwar Allah ta riƙe nata fiye da shekara hamsin, sai ga shi na kwaso shi a cikin jakar makaranta. Ban sa shi a aikina ba. Ban kuma iya goge shi ba.

Sau biyu na koma 'Yankuzo bayan haka, kowane zuwa da niyyar in gaya mata in nemi gafara. Na farko na tarar da baƙi. Na biyu mu kaɗai ne, tana tsince wake a faifai, na buɗe baki na ce, "Inna," ta ce, "Mi an na, Malama?" Sai na ce ina tambaya ne ko kajinta sun fara ƙwai. Ta dube ni ta ce duk bokon nan a kan ƙwai zai ƙare. Da bazara ta yi zafi zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu, Allah Ya karɓi abarSa.

A zaman makoki na ji wata magana da ta ƙara mini nauyi. Ina raba ruwa a soro na ji Baba yana ce wa Gwaggo Asabe, murya a sanyaye, "Ke kika san Inna, Asabe. Ni gaisuwarta kaɗai na sani." Ba da ƙorafi ya faɗa ba. Amma ni da nake tsaye da kofi a hannu na san akwai minti ashirin da ɗaya a cikin jakata da za su iya ba shi amsa. Na kuma san mai maganar ta tabbatar an kashe na'ura kafin ta yi ta. Idan na kunna masa, na tona abin da ta rufe. Idan na goge, na binne abin da ba shi da na biyu a duniya. A tsakanin waɗannan biyun na zauna shekara shida.

A cikin shekarun nan abubuwa da yawa sun sauya, kuma nakan tambayi kaina me Inna Kulu za ta ce da ta ga yau. Gidanta a rufe yake. Gonar tudun da take yi wa gero waƙa ba kullum ake iya zuwa ba, don halin da ƙauyukanmu suke ciki ba sai na faɗa wa mutumin Zamfara ba. Ɗaya daga cikin maƙwabtan da suka yi mana lugude ta dawo Gusau wurin ɗanta, a ɗaki guda, ba inda za ta kafa turmi. Turmin Inna yana Bungudu a gidan Gwaggo Asabe, a kife, kaji suna hawa. Surfe da niƙa duk inji ya karɓe, kuma ba wadda za ta ce ba a huta ba. Sai dai ba a yi wa inji waƙa, ko an yi ma ba mai ji. Ina jin da ta gani za ta ce an sauƙaƙa wa hannu, an bar baki ba aikin yi.

Abin da na fi tunanin zai ba ta mamaki shi ne yadda murya ta zama araha. Yau kowa da rikoda a aljihunsa. A gidan biki ana ɗaukar tsohuwa tana rawa ba a tambaye ta ba, kafin ta zauna an gan ta a Kaduna. Matan gidanmu suna aika wa juna saƙon murya a waya daga safe har yamma, wani a saurara, wani a wuce shi. Ƙawayena da suka yi aure suna kiran 'ya'yansu na fari da sunansu gatsau, suna ɗora su a cinya a gaban kowa, har su kansu da sunan ɗan farin ake kiransu. Ba na ganin laifinsu. Yaron da ya ji sunansa a bakin uwarsa bai yi asarar komai ba, kuma da zan zaɓa wa babana, da na zaɓa masa haka. Amma na ji da kunnena nauyin da suna yake yi idan an daɗe ana riƙe da shi, kuma ban san ko mu 'yan yau muna da wata kalma guda da muke ɓoyo har ta kai wannan nauyin ba.

Ban zauna ba neman shawara. Da na koma karatun gaba na sami tsohon malaminmu na ba shi labarin, ban faɗi abin da ke ciki ba. Ya ce a ƙa'idar bincike abin da aka naɗa ba da izini ba ba ya shiga takarda, wannan a fili yake, amma gogewa ko ajiyewa ba hurumin makaranta ba ne, na magada ne. Na tafi Bungudu na sami Gwaggo Asabe tana tankaɗe. Na faɗa mata komai, na miƙa mata abin ji. Ta ture hannuna.

"A'a, ɗiyata, raba ni. Sunana na ciki?"

Na ce babu.

"To kin gani. Ni kullum cikin kirana take, Asabe kawo wuta, Asabe kori akuya, har na gaji da sunan." Ta yi dariya, sai kuma ta sa gefen mayafi ta goge ido. "Wanga ba nawa ba ne, ba naki ba ne. Tai ki iske mai sunan."

Shekara biyu na ƙara ina jan ƙafa. Ni da Baba ba mu saba doguwar magana ba, ni ma 'yar farinsa ce, ko da yake shi yana kiran sunana. Abin da ya tilasta ni a ƙarshe ita ce rikodar da kanta. A watan jiya na kunna ta, ta ƙi buɗe ɗaya daga cikin waƙoƙin luguden. Mai gyara a kasuwa ya ce ɗan katin da ke riƙe da sautin ya tsufa, ya fara mutuwa, in kwashe abin da nake so tun da wuri, ya ma ce in kawo ya juye mini a waya. Na karɓi abata na fito. Na san abin da ya shiga waya ya zama zarar bunu. Na kuma gane idan na ci gaba da shiru, katin ne zai yanke hukuncin da na kasa yankewa, ni kuma in fake da shi.

Kafin in faɗi yadda muka yi da Baba, ina so in auna abin da ya rage na Inna Kulu, tunda don haka na ɗauki alƙalami. Waƙoƙinta goma sha ɗaya suna cikin kundina a ɗakin karatu, da izininta a farkon kowace. Wata rana wani ɗalibi zai buɗe, ya ga kalmomin, ba zai ji taɓaryar ba. Gwaggo Asabe ta gaji hannunta a fura. Ni na gaji abu guda, ban taɓa sake cewa na kashe ba sai na juya fuskar na'urar na nuna wa mai maganar, ya gani da idonsa. Sauran abin da ya rage nata ba a cikin na'ura yake ba. Yana wurin mutumin da ya yi shekara hamsin yana tsugunawa a bakin ƙofarta, kuma ban san girmansa ba sai ranar Juma'ar da ta wuce.

Bayan an sauko daga masallaci na same shi a ƙofar gida yana wanke motarsa. Na tsuguna a gefe da rikodar a hannu. Na faɗa masa tun daga makullin har zuwa maganar mai gyara, idona a ƙasa. Na ce masa na yi wa Inna laifi, kuma ban samu na roƙe ta ba. Na ce katin yana mutuwa, ko in kunna masa ya ji, ko in goge, duk wanda ya ce shi zan yi.

Ya matse tsumman da ke hannunsa, ya shanya a kan madubin mota, ya zauna a kan benci.

"Ke kin ji da kunnenki?"

Na ce na ji, Baba.

"Wane suna ta kira? Na tasha, ko na yanka?"

Na ce na yanka. Sau uku.

Ya kawar da fuska wajen titi, kamar yadda take kawar da tata idan ya zo gaisuwa. Wani mai babur ya wuce ya ɗaga masa hannu, bai gan shi ba. Da ya juyo idonsa ya yi ja, amma muryarsa ba ta karye ba. Ya ce labarin in na so in rubuta, don 'yan baya su san irin matan da aka yi, amma ban da baitin, ban da sunan. Ya ce in nemi sabon kati in juye da hannuna, ba a shago ba, ba a waya ba, in ajiye inda nake ajiye takardun makarantata. Na ce to, yaushe zan kawo masa ya saurara?

"Ba za ki kawo ba," in ji shi. "Laihinki na yahe miki a madadinta, Allah Ya yahe muna baki ɗaya. Amma ba don in ji ta yi ba. Ta ji kunyata shekara hamsin da wani abu, ba ta gaji ba. Ni ma bari in ji tata, iya kwanan da ya rage mini."